Tsohon Makirufo a Cikin Bututu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya ajiye uzurorinsa ya zo ya zauna da mu. Shugabar wannan makaranta ta koyon aikin sauti, wadda ta yi ta sintiri a ƙofar gidana har sai da na amsa zan yi magana. Malamai masu haƙuri, waɗanda suka yi wata tara suna horar da kunnuwa da hannuwa. Abokan sana'a tsofaffi da sababbi, na gidajen rediyo da na ɗakunan taro da masu yawo da kaya a bayan mota. Iyaye maza da iyaye mata, mazajen ɗalibai da matansu. Sai kuma ku ɗalibai talatin da huɗu da aka yi wannan taro dominku: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina yi muku barka da zuwa, barka da ganin wannan rana.

Godiyata ta farko ga Allah ce, da ya ba mu rai da lafiya da kunnen ji. Ta biyu ga shugabannin makaranta, da suka ga dacewar a kira mace mai furfura ta tsaya a gabanku. Ta uku kuma ga mutumin can da ke zaune bayan mikisa, na'urar haɗa sauti, a ƙarshen ɗakin nan, wanda tun da muka shigo ba wanda ya waiwaye shi. Ɗalibai, ku kalle shi da kyau, domin rayuwar da kuka zaɓa ke nan: in aiki ya yi kyau a yabi mai jawabi, in lasifika ta yi kuka kowa ya juyo ya harare ka.

An ce in yi magana a kan makirufo mai maganaɗisu, wanda mu ƴan sana'a muke ce wa dainamik. Zan faɗi yadda yake aiki, in faɗi inda ya kamata a ɗauke shi, sannan in ba ku labarin ranar da ni kaina na gane shi, domin na daɗe ina riƙe shi kafin in san abin da nake riƙewa.

Da farko, me ke cikinsa? Idan kuka kwance ragar ƙarfen da ke kan wannan na hannuna, abu uku za ku tarar. Akwai tantani, wata ƴar fata da ta fi ɓawon albasa siranta. A bayan tantanin an manna waya ta jan ƙarfe, siririya kamar gashi, an naɗe ta zagaye bisa zagaye har ta zama kamar zobe. Zoben nan kuwa yana rataye ne a tsakiyar maganaɗisu. Ka yi magana, muryarka ta tura iska. Iska ta kaɗa tantani. Tantani ya ja naɗin waya gaba da baya. Waya kuma, muddin ta motsa a gaban maganaɗisu, sai ta haifar da wuta. Ƴar wuta ce ƙanƙanuwa, ba ta isa ta kunna ko ƙwan tocila ba, amma tana ɗauke da kamannin muryarka kaf, da kaurinta da sirantarta da rawarta, ta bi waya ta kai wa amfilifaya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Shi ke nan. Ba ya shan batir, ba ya roƙon wuta daga mikisa. Muryar mai magana ce take ba shi wutarsa.

Saboda naɗin wayar nan yana da ɗan nauyi, ba kowace iska ce ke iya kaɗa shi ba. Abin da ke kusa da bakinsa yake ji, abin da ke nesa ya yi masa kunnen ƙashi. Ɗan'uwansa kuwa, wanda ake ce wa kondensa, ba haka yake ba. Shi tantaninsa ba nauyi, sai an ba shi wuta yake aiki, kuma komai ji yake yi: ƙarar fanka, kukan kujera, har ƙugin cikin mai karanta labarai in bai karya ba.

Na biyu, ina za a kai shi? Ku kai shi inda ake hayaniya, ku kai shi filin da iska ke kaɗawa, ku kai shi ɗakin da bango ke maido da magana. Ku ba mai waƙa a kan dandamali, ku kafa shi a gaban ganga, ku miƙa shi ga mai jawabin da in ya ɗauki zafi ba ya sanin yana ihu. Zai jure faɗuwa, zai jure gumi, zai jure wucewa daga hannu zuwa hannu. Amma ku koya wa mai riƙe shi ya kusanto da shi, kamar yatsa biyu ko uku daga leɓe, ba ya riƙe shi a cibiya yana tsammanin mu'ujiza ba. Ku hana shi dunƙule kan da tafin hannu, ku hana shi nuna shi ga lasifika, domin daga nan kukan nan mai tsaga kunne yake fitowa. In kuwa ɗaki ne mai shiru, aka ce a naɗi murya mai laushi, ko tsinken garaya, ko mutum goma da ke magana daga nesa, to ba aikinsa ba ne, ku ajiye shi ku ɗauko ɗan'uwansa.

Wannan duk malamanku sun faɗa muku, na sani. Abin da ba su faɗa muku ba shi ne na uku, domin ba su nan lokacin da ya faru.

Shekara goma sha takwas ke nan da faruwar abin. Na bar aikin gidan rediyo, na buɗe nawa wurin, ina kai kayan sauti ɗakunan taro. Ina da ƴaƴa biyu, ina da takardar shaida a bango, ina kuma da sabon makirufo kondensa a cikin akwatinsa mai laushin ciki, wanda ko mijina ban yarda ya taɓa ba. Babana kuwa mai gyaran rediyo ne, shekara arba'in yana sana'ar, har idonsa ya fara gajiya ya rufe shago. Zaman gida ya ishe shi, sai ya riƙa bina wuraren aiki, wai yana yi mini gadin kaya. Duk inda za mu, yana rataye da wata jaka, a cikinta akwai ƴar amfilifaya mai batir da wani tsohon makirufo dainamik, kansa a lotse, wuyansa a naɗe da salatif, fentinsa duk ya goge. Kunya yake ba ni. Nakan ce masa, "Baba, don Allah ka daina fito da abin nan a gaban mutane." Sai ya ce, "To, Uwata," domin haka yake kirana. Ya mayar da shi jaka. Gobe kuma ya sake ratayowa.

Ran nan ƙungiyar teloli ta ɗauke mu aikin taronta. Wajen ƙarfe goma na safe muna ja da wayoyi a cikin zaure, sai muka ji wata ƙara kamar babbar mota ta juye duwatsu, ƙasa ta girgiza, ƙura ta shigo ta taga. A bayan zauren ana gina tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa ya kai ɗaki biyu. Rufin kankarensa ne ya rufta. Leburori uku sun tsira da gudu, amma maginin yana ciki, ya shiga cire katakan da aka tokare rufin da su.

Ƴan kwana-kwana suka iso, suka fara haƙa da shebur ta ɓangaren titi. Shugabansu, wani mutum mai kaurin murya, ya kwanta rub da ciki a bakin bututun iska, wanda shi kaɗai ya rage a tsaye cikin ɓaraguzan, ya yi ta kira yana kasa kunne. Ina zai ji? Ga jama'a sun cika wurin kowa yana ba da shawara, ga motoci a titi. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, na ji yana gaya wa mataimakinsa cewa abu biyu ne: in mutumin ya cika, a sa katafila a gama cikin awa ɗaya, in yana da rai, katafila ce za ta kashe shi, sai dai a bi da hannu. Kuma ba wanda ya san ko wanne ne.

Na kutsa na ce, "Yallaɓai, ina da abin da zai jiyo mana shi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hajiya, ki yi sauri."

Jama'a, me kuke tsammani na ɗauko? Na ɗauko abin alfaharina. Na sa aka kinkimo babbar mikisa, domin ita ce za ta ba shi wuta, na sa aka tayar da janareta domin mikisar, na zura sabon makirufona cikin bututu. Yana sauka yana bugun gefe, kowane bugu kamar a ƙirjina. A ƙasa kuwa akwai laima, ga ƙurar siminti. Na sa abin ji a kunne, ban ji komai ba sai ƙara kamar ana suya, da gurnanin janaretata da bututun ke kai masa yana maido mini. Na murɗa nan, na murɗa can. Minti goma sha biyar na cinye. Shugaban ya dubi agogo, ya ɗaga wa direban katafila hannu.

Sai na ji muryar Baba a bayana, a hankali: "Uwata, kashe janaretan nan."

Ya riga ya ɗaura tsohon nasa a doguwar waya, ya haɗa da ƴar amfilifayarsa. Muka zare nawa, muka zura nasa. Yana tafiya yana gwaruwa da bututu, gwaf, gwaf, ko a jikinsa. Shugaban teloli ya hau kan bulo ya daka wa jama'a tsawa, wurin ya yi tsit. Wayar ta saki, alamar ya kai ƙasa. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Da farko ba komai. Can sai na ji wani abu yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa. Numfashi ne. Sannan tari.

Ban san lokacin da na yi ihu ba: "Yana da rai! Ku tsayar da motar, yana da rai!"

Amma fa da saura. Mu muna jinsa, shi bai san muna ji ba, nishi kawai yake yi. An yi kira ta bututun, sai dai ashe ya lanƙwashe a tsakiya, maganar ba ta isa gare shi da ma'ana. Baba ya zaro ƴar wuƙarsa, ya yanke kan wayar, ya feɗe bakinta, ya nufi bayan amfilifaya da ita. Na ce, "Baba, nan ai mafita ce, ba mashiga ba." Ya ce, "Na sani. Me ke cikin lasifika?" Na ce, "Tantani da naɗin waya da maganaɗisu." Ya ce, "To shi wancan na ƙasa me ke cikinsa?"

Nan take na gane. Shekara nawa ina aikin, ban taɓa tsayawa na ga cewa abu ɗaya ne ba: ka ba shi murya ya ba ka wuta, ka ba shi wuta ya ba ka murya. Baba ya rage ƙarfin amfilifaya sosai don kada naɗin ya ƙone, muka sa wani makirufon a mashiga, aka miƙa wa shugaban ƴan kwana-kwana. Ya ce, "Bawan Allah, in kana jina, akwai wani ƙarfe kusa da kai a bakin bututu. Ka jawo shi bakinka ka yi magana." Baba ya cire wayar daga mafita ya mayar mashiga. Muka jira.

Sai ga murya, a shaƙe, amma kowace kalma a fili: "Ina ji. Ƙafata ce a danne. Don girman Allah ku daina haƙa ta wajen titi. Katako ɗaya ne ya riƙe kankaren da ke kaina, duk shebur ɗin da kuka sa sai na ga ya motsa. Ku zagayo ta wajen bishiya. Bangon can bulo ɗaya ne, ni na jera shi."

Shugaban ya juya ya dubi mutanensa da ke ta haƙa ta wajen titi tun ɗazu, na ga gumi ya keto masa. Nan take ya janye su.

Haka aka wuni. Baba yana durƙushe a rana, da idon nan nasa da ba ya gani sosai, yana sauya waya da yatsunsa, mashiga, mafita, mashiga, mafita, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Mutumin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ya zama mai ba da umarni: a cire wannan, a bar wancan, a tokare nan kafin a taɓa can.

Bayan azahar muryarsa ta fara ja baya. Ya ce ya gaji, a bar shi ya ɗan runtsa. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo da motar asibiti ta ce ko kusa, kada a bari ya yi barci. Shugaban ya yi masa magana, na yi masa, amsarsa sai ƙara nisa take yi. A lokacin matar maginin tana tsaye a gefe, tun da aka je aka gaya mata ta zo da takalmi wari da wari, ba ta yi kuka ba. Ta matso ta ce, "Ku ba ni."

Ta riƙe makirufon da hannu biyu, ta ce, "Baban yara."

Can ƙasa aka ce, "Na'am."

Ta ce, "Da safe ka ce mini yau da wuri za ka dawo ka gyara ƙofar kicin. Wata uku ke nan kana ce mini yau. Magini guda, kana gina wa mutane benaye, ni ina tokare ƙofa da turmi. To wallahi ba inda za ka sai ka gyara ta."

Ni ce mai abin ji a kunne, ni na fara jin abin da ya biyo baya. Dariya yake yi. Yana tari yana dariya. Ya ce, "Ke dai ba kya mantuwa." Ta ce, "Ina fa zan manta? Ga kuma tagar ɗakin yara." Awa uku matar nan tana yi masa faɗa. Ta tono masa laifin bana da na bara, ta sa shi ya lissafo mata sunayen ƴaƴansa da na ƙannensa, in ya yi shiru ta ce, "Da kai nake, ko ka fara halin naka?" Hawaye yana zuba a fuskarta, amma ko sau ɗaya muryarta ba ta yi rawa ba.

Rana ta yi sanyi aka fasa bangon nan na wajen bishiya. Aka ɗaga abin da ya danne shi, aka jawo shi a kan katako, fari fat da ƙura, ido kawai ke motsi. Makirufon yana ƙanƙame a ƙirjinsa. Aka yi aka yi ya saki, ya ƙi, sai da Baba ya yanke wayar aka sa shi a mota da abinsa. Matar kuwa, tana ganin an rufe ƙofar motar, sai ta zube a wurin. Sai a lokacin ta yi kukanta.

A hanyar gida na kasa haɗa ido da Baba. Da ƙyar na ce, "Baba, minti goma sha biyar na ɓata. Da katafilar nan ta shiga fa?" Ya gyara rataye jakarsa. Sannan ya ce, "Ba ta shiga ba. Kuma naki ba shi da laifi, Uwata, kai shi kika yi inda ba wurinsa ba. Gobe in za ki naɗi mai karanta labarai, shi za ki ɗauka, ba nawa ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba.

Maginin ya yi wata biyu a asibiti. Ƙafar ba ta koma daidai ba, ya daina hawa sama, amma ya zama mai duba aikin magina, kuma an ce ba a taɓa cire katakon tokara a gabansa kankare bai gama bushewa ba. Da aka sallame shi ya zo har gida da sandarsa, shi da matarsa, ya dawo wa Baba da makirufonsa a naɗe cikin sabon ƙyalle. Baba ya kakkaɓe shi, ya sa masa waya, ya ce, "Ɗaya, biyu." Ya amsa garau. Na tambayi matar labarin ƙofa, ta ce ya gyara, amma taga har yanzu.

Ya ku ɗalibai, yau za a ba ku takarda, gobe za a ba ku amana. Mutum zai tsaya a gaban jama'a da abin da ya kwana yana shiryawa, ko abin da ya shekara yana son faɗa, ya miƙa muku muryarsa, ku ne za ku kai ta ko ku zubar da ita a hanya. Saboda haka kafin hannunku ya kai kan kowane makirufo, ku tambayi kanku: wa zai yi magana, a ina zai yi, me ke kewaye da shi? Kada tsada ta zaɓa muku, kada ƙyalli ya zaɓa muku, kada son a gani ya zaɓa muku kamar yadda ya zaɓa mini. Ku buɗe kayan aikinku ku san cikinsu, ba sunansu kaɗai ba. In kuma kun ga dattijo a gefe da tsohuwar jaka, ku matsa kusa ku tambaye shi abin da ke ciki.

Na duba ayyukan da kuka yi na kammalawa, na saurare su ɗaya bayan ɗaya, kuma ina gaya wa iyayenku a gabanku cewa hankalina ya kwanta. Kun fi mu kayan aiki, kun fi mu dama, wasunku ma sun fi mu kunne. Sana'ar nan ba za ta lalace a hannunku ba.

Allah ya sa albarka a abin da kuka koya, ya buɗa muku ƙofofin aiki na halal, ya kare muku jinku da ganinku. Allah ya saka wa malamanku da iyayenku da alheri, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara wa shugabanninta ƙarfin gwiwa. Allah ya tsare magina da leburori da duk mai neman abincinsa a wuri mai haɗari, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka koya mana suka riga mu, ya jiƙan Babana, ya haskaka makwancinsa. Yadda muka taru lafiya, Allah ya sa mu watse lafiya.

Na gode.